Yadda Ake Shirya Jariri Mai Toshewar Mafitar Tumbi Kafin Tiyata

Sababbin ma'aikatan jinya da aka tura asibitocin karkara a Kano da Jigawa nake rubuta wa wannan, musamman wadda za ta tsinci kanta ita kaɗai a ɗakin yara da dare, likita sai a waya. Shekara da shekaru ina karɓar irin waɗannan jarirai, wasu mu shirya su a wurinmu, wasu in raka su birni. Likitan da ke duba yaro shi ke rubuta ruwa da magani, bayanina ba ya maye gurbin umarninsa. Amma hannunki ne zai ɗaura ruwan, idonki ne zai ƙirga ɗigonsa, don haka ki san dalilin kowane abu.

Ciwon a taƙaice

A ƙarshen tumbi akwai 'yar ƙofa da tsoka ta zagaye, ta nan nono ke wucewa zuwa hanji. A wasu jarirai tsokar kan yi kauri har ta matse hanyar. Likitoci na kiran wannan payilorik sitinosis. Yana bayyana tsakanin sati 2 da sati 8 da haihuwa, galibi sati 3 zuwa 6, wato mai jego na tsakiyar wanka, ko arba'in ba a yi ba. Maza sun ninka mata kusan sau 4, kuma ɗan fari ya fi shiga ciki.

Maganinsa tiyata ce da ake kira aikin Ramstedt, sunan likitan nan Bajamushe da ya bayyana ta a 1912. Tsokar ake tsagawa a tsaye ba tare da an huda shimfiɗar da ke cikinta ba, hanya ta buɗe. Aikin bai cika kai awa ɗaya ba, kuma yaron da aka yi wa shi daidai ya rabu da ciwon ke nan.

Haɗarin yana wani wuri daban. Duk aman da yaron ya yi, tare da nono ruwan tsamin tumbi ke fita, shi kuwa cike yake da kuloraid, ɗaya daga cikin gishirin jini. In aka kwana biyu a haka sai kuloraid ya faɗi a jini, bayikabonet, mai kashe tsami a jini, ya hau, ƙoda kuma garin ƙoƙarin riƙe ruwa da sodiyam ta riƙa zubar da fotasiyam a fitsari. Wannan hali shi ne alkalosis. Yaron da ke cikinsa numfashinsa kan yi rauni, in kuwa aka sa masa maganin barci a haka yana iya ɗauke numfashi bayan an gama aiki lafiya. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya taɓa yaron da wuƙa ranar da aka kawo shi. Gaggawar tana wajen ruwa da gishirin jini. Tiyata tana iya jiran kwana ɗaya, kwana biyu, har fiye.

Kayan da za ki tanada

- Sikelin jarirai, da ƙaramin sikelin kicin mai lamba don auna famfas.
- Kanula lamba 24, mai ruwan ɗorawa, ki ajiye fiye da ɗaya. Filasta, auduga, sifirit, da ɗan kwali mai kauri na ɗaure hannu.
- Buret, wato layin ƙarin ruwa mai kwalbar awo. Wannan kam ki nace a saya, ko da za a bar wani abu.
- Nomal salin, wato ruwan gishiri na jijiya, da ruwan sukari mai kashi 5 a cikin nomal salin, da ruwan sukari mai kashi 10. Kwalbar fotasiyam kuloraid ta zauna a kulle, nesa da ruwan haɗa allura, domin sun yi kama.
- Robar hanci lamba 8, sirinji mai mil 10 da mai mil 20, takardar gwajin tsami.
- Na'urar auna sukari, ma'aunin zafin jiki, na'urar auna iskar jini in akwai, abin zuƙo majina, da jakar hura iska mai marfin fuska na jarirai.
- Allurar bitamin K.
- Hula, safa, zannuwa busassu, da takardar rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Mataki na 1: Ki tabbatar da irin aman

Kafin su iso wurinki an riga an zaga. An ce tumbiɗi ne, zai daina. An ce nonon uwar ne ya ɓaci. An ba shi dauri, an je kemis, wataƙila wanzami ma ya cire beli. Kada ki buɗe baki da faɗa, in kika yi faɗa kin rufe bakin da zai ba ki labari.

Da yake yawanci ɗan fari ne, uwar yarinya ce ƙarama da ta je wanka gida, ga kunyar ɗan fari. Kina tambaya tana sunkuyar da kai, kaka ce ke amsawa. Ki bar kakar ta yi bayaninta, ita ke ɗaukar yaron da rana. Daga baya ki ja uwar gefe, don ita ce ta san abin da ke faruwa da dare.

Tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce: "Iya, in ya yi aman, a jikin zani yake gangarowa ko can nesa yake faɗawa?" Tumbiɗi gangarowa yake yi ta gefen baki, yaro na ƙiba abinsa. Wannan kuwa feshi ne da ƙarfi jim kaɗan bayan shan nono, kullum yana ƙaruwa, kuma yana gama aman zai hau kuka yana neman nono kamar bai sha ba. Kashi ya ragu, fitsari ya ragu, yaron da aka yi suna yana ɓulɓul ya koma fata da ƙashi.

Sai launi. Aman wannan ciwo fari ne, nono ne da ya tsinke, wani lokaci da ɗan baƙi-baƙi na tsohon jini. Ba ya zama kore, don toshewar tana sama da inda ruwan matsarmama ke shiga hanji. In aka ce kore ne, ko kika gani da idonki, to ki ajiye wannan takarda. Mai yiwuwa hanji ne ya murɗe, wannan kuma ba ya jiran gobe: ruwa, robar hanci, mota. Haka yaron da ke da zazzaɓi, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ki fara tunanin ƙwayoyin cuta a jini, ki kira likita.

Ki rubuta duk abin da aka ba shi da sunansa: jiƙo, ruwan kanwa, madarar shanu ko ta akuya, maganin amai. Ki tambaya ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta eritiromaisin ko azitiromaisin a satin farko ko na biyu, don an san suna ƙara haɗarin ciwon.

Mataki na 2: Awo da duba ciki

Ki tuɓe shi ki auna nauyi, duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan lamba yake. In babu sikelin jarirai, a auna uwa da yaro, a auna uwa ita kaɗai, a cire. Ba daidai yake sosai ba amma ya fi ƙiyasi.

Ki duba maɗiga ko ta faɗa, idanu ko sun zurma, baki ko ya bushe, fatar ciki in an tsunkula ko tana jinkirin komawa. Ki danna ƙirjinsa da yatsa na daƙiƙa 5 ki saki. In jini ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, ga hannu da ƙafa sanyi, ga yaro ya langaɓe, ki tsallake zuwa mataki na 3 nan take.

In yana da ɗan ƙarfi, ana gwajin shayarwa sau ɗaya. Uwa ta zauna inda haske ke dukan cikin yaron ta gefe, ta ba shi nono ciki a buɗe. Ki durƙusa idonki ya yi daidai da cikin, ki yi haƙuri. Can za ki ga wani tudu ya taso daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, yana tafiya a hankali zuwa dama, ya ɓace, wani ya biyo shi. Tumbi ne ke kokawa da ƙofar da ta ƙi buɗewa. Ki nuna wa kakar da yatsa ta gani da idonta, zai rage miki rabin gardamar da ke gaba. Da zarar ya yi aman ciki ya saki, ki zauna ta hagunsa, ki ɗumama hannu, ki lallaba yatsu a saman cibiya ɗan dama kaɗan, ƙarƙashin hanta. Abin da ake nema ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwallon aduwa, yana zillewa a ƙarƙashin yatsa. In ba ki ji ba kada ki damu, hannu sai ya saba.

Sikanin shi ke yanke magana: kaurin tsoka daga milimita 3 zuwa sama, tsawonta daga kamar milimita 15. Mai sikanin masu ciki da bai saba da jarirai ba yana iya cewa bai ga komai ba alhali ciwon na nan, don haka kada sakamakonsa ya sa a sallami yaron da labarinsa ya yi daidai. Kuma ba a jiran sikanin kafin a ɗaura ruwa.

Mataki na 3: Jijiya, jini, da ruwan farko

Jijiyar yaron da ya bushe wuyar samu gare ta. Ki ɗumama hannun tukuna, ki samu mai riƙe miki da kyau, ki duba bayan hannu, ƙafa, ko fatar kai. In kika gwada sau biyu ko uku ba ki samu ba, ki kira wanda ya fi ki hannu, kada ki ɓata wa na gaba duk jijiyoyin. Inda akwai wanda ya iya sa allura ta ƙashin ƙauri, wannan ne lokacinta. Inda babu, a tafi asibiti na gaba ba tare da jinkiri ba. Ruwan gishiri da sukari na baki ba ya fid da kai a nan, dawowa zai yi.

Da kanula ta shiga, ki ɗebi jini kafin ki haɗa ruwa: gishirin jini da aikin ƙoda, yawan jini, rukunin jini. Ki auna sukari a take. In ya gaza milimol 2.6 a lita, a ba shi ruwan sukari mai kashi 10, mil 2 a kowane kilo, a sake aunawa bayan rabin awa.

Ruwan farko nomal salin ne zalla, mil 10 zuwa 20 a kowane kilo. Yaro mai kilo 3.5 zai samu mil 35 zuwa 70 cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Wanda ya rame ƙwarai a fara masa da mil 10 a kowane kilo, a tsaya a duba shi, sannan likita ya ce a ƙara ko a'a. Abin da ya sa ake son nomal salin shi ne kuloraid ɗinsa, milimol 154 a kowace lita, abin da yaron ya rasa ke nan. Ruwan Ringa laktet bai kai shi kuloraid ba, amma in yaro na neman tafiya kuma shi kaɗai ke cikin kabad, ki ɗaura, a nemo salin daga baya.

Mataki na 4: Ruwan ci gaba da fotasiyam

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Bayan ruwan farko, yawanci ana rubuta mil 150 a kowane kilo a awa 24. Mai kilo 3.5: mil 525 a rana, wato kusan mil 22 a awa. A buret ɗigo 60 ne mil ɗaya, saboda haka adadin mil a awa shi ne adadin ɗigo a minti: ɗigo 22. In babu buret sai layin manya mai ɗigo 20 a mil, lissafin ya koma kusan ɗigo 7 a minti, kuma riƙe shi a haka aiki ne ja. Yaro ya motsa hannu sai ruwa ya kwarara. In dole ta sa, ki rage ledar ta zama ba ta ɗauke da fiye da ruwan awa 4, ki manna filasta a jikinta ki ja layin kowace awa. Ko a buret ma kada ki zuba fiye da na awa 4. Ledar mil 500 cike a kan jariri ba tare da awo ba, wannan ganganci ne.

Ruwan da ake so mai sukari kashi 5 ne a cikin nomal salin, ko a cikin rabin salin, wato mai rabin gishirin nomal salin, ya danganta da likita da kuma sakamakon sodiyam. In rabin salin aka rubuta babu shi a kanti, ki haɗa a buret: mil 50 na nomal salin da mil 50 na ruwan sukari mai kashi 10. In cikakken salin mai sukari ake so babu, a cire mil 50 daga ledar nomal salin mai mil 500 a maye da mil 50 na sukari mai kashi 50.

Ki kiyayi ruwan nan da aka saba ɗaura wa yara, mai sukari kashi 4.3 da gishiri kashi 0.18. Shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi don an ce na yara ne, amma gishirinsa kashi ɗaya cikin biyar ne na nomal salin. Ba zai ɗaga kuloraid ba, sodiyam kuma zai ƙara faɗuwa, har yaro ya kai ga jijjiga. Ruwan sukari zalla ma haka.

Fotasiyam ba ya shiga sai kin ga fitsari da idonki, kuma an fi son sakamakon jini ya fito. Dalili biyu ne. Ƙodar da ba ta fitar da fitsari za ta tara shi har ya tsayar da zuciya. Sannan akwai wani ciwon halitta na ƙullin da ke saman ƙoda wanda shi ma ke sa jariri namiji amai da bushewa a daidai wannan lokaci, amma shi fotasiyam ɗinsa a sama yake. In sakamako ya nuna fotasiyam ya hau, sodiyam ya faɗi, ki sanar da likita nan da nan.

Adadin da aka saba shi ne milimol 20 a kowace lita. Kwalba mai kashi 15 tana da milimol 2 a kowane mil, saboda haka mil 1 a cikin mil 100 na buret, ko mil 5 a cikin leda mai mil 500. Ki karanta jikin kwalbar kowane lokaci, don ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Ki sa wata ta duba lissafin tare da ke, ki jijjiga ruwan sosai, ki manna takarda mai lokaci da sunanki. Ba a taɓa tura fotasiyam kai tsaye a jijiya, ko da wa ya ce.

In asibitinku ba a gwajin gishirin jini, ku ba da salin mai sukari, ku ga fitsari, ku tura yaron gaba. Shirin tiyata ba ya kammaluwa da ido kawai.

Mataki na 5: Dakatar da nono da sa robar hanci

Daga yanzu babu abin da zai shiga bakinsa. Yawancin likitocinmu na son a sa roba a kwashe abin da ya taru a tumbi don kada ya ƙware ya tafi huhu. Wasu kan bar ta in aman ya tsaya da kansa, sai ki bi na likitanki.

Ki auna tsawon daga hanci zuwa ƙasan kunne, daga nan zuwa tsakiyar ƙahon zuci da cibiya, ki sa alama. Ki jiƙa bakin robar, ki tura a hankali. In ya hau tari ko launinsa ya canja, ki zare. Ki zuƙo ruwa ki ɗiga a takardar gwajin tsami, 5.5 zuwa ƙasa na nuna tana tumbi. Ki manne ta a kumatu, ki bar bakinta a buɗe cikin jaka ƙasa da yaron. In babu jaka, safar hannu mai tsabta da aka ɗaure a bakin ta isa. Ki zuƙa da sirinji duk awa 2 zuwa 4, ki auna, ki rubuta. Abin da ya fito ana mayar da shi mil da mil ta jijiya da nomal salin, ƙari a kan ruwan ci gaba. Mutane na yawan manta wannan, sai a yi ta mamakin kuloraid ya ƙi hawa.

Guda-gudan nono na toshe roba. In ciki a kumbure yake amma ba abin da ke fita, ki tura mil 5 zuwa 10 na salin mai ɗumi ki zuƙo shi.

Mataki na 6: Lura

A ɗaga kan gado kaɗan. Zafin jiki ya zauna tsakanin 36.5 da 37.5. Lokacin hunturu hula da safa dole ne, kuma ƙirjin uwa ya fi komai ɗumi, ana iya manna shi a jikinta duk da layin ruwa. Ban da kaskon garwashi a ɗaki, ban da gorar ruwan zafi a jikin fata.

Duk awa ki duba ɗigo da wurin kanula. Bugun zuciya, numfashi da zafi aƙalla duk awa 4, sukari duk awa 4 zuwa 6. Fitsari ana son mil 1 a kowane kilo a awa. Ki auna famfas a bushe ki rubuta a jikinsa, ki sake aunawa in ya jiƙe, giram ɗaya mil ɗaya ne. Mai kilo 3.5 ya ba ki giram 14 a awa 4, alhamdu lillahi. In fatar ido ta kumbura ko numfashi ya yi sauri, ruwa ya yi yawa, ki rage ki kira likita. In kika ga yana ɗan tsayar da numfashi, ki taɓa shi ya motsa, jakar hura iska ta kasance kusa.

Gwajin gishirin jini ana maimaita shi duk awa 6 zuwa 12 inda hali ya yi, in babu hali aƙalla sau ɗaya a rana.

Mataki na 7: Uwa, kaka da uba

Yaro na tsala kuka don yunwa, nono ya cika wa uwa ƙirji, ke kuma kin ce kada a ba shi. A idon kaka wannan rashin imani ne, kuma da zarar kin juya baya za a ɗura masa wani abu. Ni abin da nake yi, nakan zuƙo abin da ke cikin robar a gabanta in miƙa mata sirinjin: "Iya, kin ga wannan? Nonon da ya sha tun safe ne, yana nan bai wuce ba. In aka ƙara wani huhunsa zai tafi. Abincinsa yanzu ga shi can yana ɗiga." Sannan in ɗora mata amana: "Ke ce babba a nan, ke zan tambaya in wani ya ba shi ko da zamzam ne." Wadda aka ba gadi ba ta cika yin sata ba. Rubutu da tofi a shafa masa a ka, ban taɓa hanawa ba.

Uwar kuma ki faɗa mata a gaban kowa cewa nononta lafiya lau yake, ba shi ya jawo ba. Tana bukatar jin wannan daga bakin ma'aikaciya. Ki koya mata tatsa a kofi duk awa 3, har da dare, in ba haka ba ranar da aka ce a ba shi sai a tarar nonon ya ja baya. Ta ci ta sha, a kawo mata kununta.

Maganar sa hannu ki tayar da ita tun ranar farko. Sau da yawa uban yana ci-rani, ko kuma ba zai yanke ba sai ya ji ta bakin mahaifinsa. A kira shi a waya likita ya yi masa bayani, a san wa zai sa hannu ko ya dangwala. Ki gaya masa gaskiya: "Malam, aikin ƙarami ne amma aiki ne, akwai maganin barci. Jinkirin da ka ga muna yi gyaran jininsa ne. In aka bar shi ba aiki, ramewa zai ci gaba da yi." Kada ki yi alkawarin rana, kada ki yi alkawarin rai. Ki kuma faɗa musu tun wuri su tanadi kuɗi da wanda zai ba da jini.

Mataki na 8: Ƙananan abubuwan da ke hana aiki

Yaron da aka haifa a gida yawanci bai samu bitamin K ba. Ki tambaya, in babu tabbas likita zai rubuta miligiram 1 a cinya. Ki buɗe baki ki duba wurin beli ko yana jini ko ruɓa. Ki duba cibiya da kyau, don wasu likitoci ta gefenta suke shiga, in tana ruwa ko wari a fara wanke ta da kulohekzidin a sanar. Haka tsagar da wanzami ya yi a ciki. Yawan jini a sake auna shi bayan ruwa ya shiga, na farko kan yi ƙarya saboda bushewa. Aikin bai cika cin jini ba, amma ana ajiye shi saboda yaron da ya zo a ɗashe. Wasu za ki ga 'yar shawara a idonsu, ki rubuta, takan wuce bayan aiki.

Mataki na 9: Yaushe ya shirya?

Maɗiga ta ciko, baki ya jiƙe, fitsari na zuwa. A takarda kuma, a lissafin milimol a lita, kuloraid ya kai 100, fotasiyam 3.5 zuwa sama, sodiyam ya dawo kusa da daidai, bayikabonet ya sauko ƙasa da 30. Wasu masu ba da maganin barci sai ya sauko 26 suke yarda, kuma maganarsu ce ta ƙarshe. Wanda aka kawo da wuri kan kai nan cikin awa 24 zuwa 48. Namu na ƙauye da suka yi sati biyu ko uku suna amai sukan fi haka, kada ki ƙara gudun ruwa don a yi sauri.

Mataki na 10: In tura shi za a yi

Aikin na bukatar likitan tiyata da ya saba da jarirai da mai ba da maganin barcin da ya iya da su. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, a Jigawa akwai Rashid Shekoni a Dutse da cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu. Ko ina ne, a buga waya tukuna a ji ko akwai gado kuma mai aikin yana nan, kada a yi ta yawo da jariri daga ƙofa zuwa ƙofa.

Ba a ɗora yaro a mota a bushe. Ya samu ruwan farko, sukari ya daidaita, kanula ta ɗauru sosai, roba a buɗe, an zuƙe ta kafin tashi. Ma'aikaciya ta raka, da sirinji, da ƙarin salin, da jakar hura iska. A rataye ruwan a maƙalin saman ƙofar mota, a tsaya lokaci-lokaci a ƙirga ɗigo, don gargada na canja shi. Yaro a ƙirjin uwa, kai a sama. Babur ba ya cikin lissafi. Daga wurare irin su Haɗeja ko Gumel tafiyar ba kusa ba ce, a tashi da sassafe a isa ma'aikata na nan.

Takardar turawa ta ƙunshi nauyi, ranar da amai ya fara, kowane ruwa da adadinsa da lokacinsa, ko an sa fotasiyam, fitsarin ƙarshe, sakamakon gwaji, da abin da aka ba shi a gida.

Mataki na 11: Safiyar aiki

Sakamakon jini na ƙarshe a saman fayil, takardar sa hannu a bayansa. Ki auna sukari da zafi. Ki gwada kanula da ɗan salin, in tana shakka a sa wata tun a ɗaki. Ruwa ya ci gaba da tafiya har ɗakin tiyata. Ki goge ciki da cibiya, ki ɗaura masa suna a hannu. Laya ko guru ki sa kaka ta cire da hannunta ta riƙe. Ki zuƙe roba kafin a fita, a can ma za su sake zuƙa suna juya shi dama da hagu kafin su sa shi barci. A naɗe shi da hula. In kin miƙa shi ki faɗi da baki nauyinsa, ruwan da ke tafiya, da lokacin zuƙar ƙarshe.

Kafin ya fito ki gyara gado kusa da teburinki, da iskar oksijin da abin zuƙo majina, don a daren farko numfashinsa ne abin tsaro. Ruwa zai ci gaba har ya kama nono sosai. Likita ne zai faɗi lokacin farawa, sau da yawa bayan awa 4 zuwa 6, kaɗan-kaɗan. Ki gaya wa uwa da kaka tun yanzu cewa ɗan amai a kwana ɗaya ko biyu na farko ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Wanda za su kira ki a kansa da gudu shi ne zazzaɓi, kumburin ciki, aman kore, jiƙewar bandeji, ko yaro ya yi lakwas ya ƙi farkawa.